Mudu Ɗaya Kowace Safiya

Karatu: Fitowa 16:13-30, Daniyel 6:1-13, Luka 16:10-12

 Ina gaishe ku da kuke gida, ina kuma gaishe ku da neman abinci ya kai ku nesa da gida, musamman 'yan'uwanmu mazauna birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, gama daga can ne wasiƙar da ta jawo wannan saƙo ta fito.

Wani saurayi mai bi, mutumin wani ƙauye a wajen Maraɗi, ya rubuto mini. Ya yarda in karanta muku maganarsa, muddin ban faɗi sunansa ba. Ga abin da ya ce:

"Baba, shekarata shida a Abijan. Ina kwana a Treichville, mu biyar a ɗaki guda, da rana kuma ina tura kaya a kasuwar Adjamé. Mota ɗaya ta kawo mu, ni da abokina na ƙuruciya. Shi Musulmi ne. Ya fara da wanke kwanoni a wurin wani mai garba. Yau yana da rumfarsa, yana da yara biyu a ƙarƙashinsa, ya yi wa mahaifiyarsa rufin kwano. Ni kuwa na yi azumin kwana 21 har sau biyu, ba na fashin addu'ar kwana, na ba da baikon da aka ce in na ba da shi ƙofa za ta buɗe. Har yanzu ba ni da ko sefa 10,000 a ajiye. Kunya ta hana ni zuwa gida. Baba, Allah ya manta da ni ne?"

Ban yi saurin amsa masa ba. Na mayar masa da tambaya, na ce, "Ɗana, gaya mini yadda ranarka take tafiya, daga tashinka har kwanciyarka." Allah ya sa masa albarka, bai ɓoye mini kome ba. Ba shi da lokacin tashi. Ranar da ya kwana a wurin addu'a ba ya fita kasuwa washegari. Kowace ranar da ya yi aiki yakan sa sefa 500 a cacar tseren dawaki. Bai san nawa ya samu a makon da ya wuce ba. Littafi Mai Tsarki nasa yana ƙasan jaka, sai ranar Lahadi yake ganin haske.

Ɗana, Allah bai manta da kai ba. Amma kana jiran ya ba ka buhu a rana ɗaya, shi kuwa ya saba ciyar da mutanensa da mudu ɗaya kowace safiya. Wannan ita ce maganar da nake so mu duba tare, kai da dukan mai karatu.

Yadda Allah ya ciyar da Isra'ila

Sa'ad da Isra'ilawa suka fita daga Masar suka shiga jeji, yunwa ta kama su, suka yi gunaguni. Allah mai iko duka ne. Da ya ga dama, da ya cika musu rumbuna da abincin shekara arba'in a dare ɗaya. Bai yi haka ba. Ya aiko da manna, ya kuma sa mata ƙa'ida. Za a tattara ta da safe, gama in rana ta yi zafi narkewa take yi. Kowane mutum mudu ɗaya. Wanda ya yi wayo ya ɓoye ta gobe, sai ya tarar ta yi tsutsa tana wari. A rana ta shida kaɗai aka yarda su ɗebi ta kwana biyu, domin su huta ranar Asabar.

Ku lura da abu biyu. Na fari, manna kyauta ce. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya yi mata noma. Na biyu, ba ta sauka a cikin tukunyar kowa ba. Sai mutum ya tashi, ya fita bayan zango, ya sunkuya, ya tsinta. Wanda ya yi barci har hantsi, ko da ya kwana yana addu'a, zai tarar ta narke. Alherin na Allah ne, amma sammakon naka ne.

Shekara arba'in suna haka. Me Allah yake koya musu? Yana fitar da halin bayi daga cikinsu, yana gina mutanen da za su iya riƙe ƙasa. Bawa yakan yi aiki in ya ga bulala. Ɗan gado yakan tashi ko ba mai kallonsa. Shi ya sa Ubangijinmu Yesu, sa'ad da ya koya wa almajiransa addu'a, abincin rana ɗaya ya ce su roƙa, ba na shekara ba. Yana so mu dawo wurinsa gobe, mu sake dawowa jibi.

Wa'azin da ke bakin titi

Ɗana, ba sai ka je nesa ba kafin ka ga wannan. Ka dubi abokinka. Duk wanda ya zauna a Abijan ya san garba: aceke na rogo da soyayyen kifin teku da ake kira ton, a yanka barkono da albasa da tumatir, a zuba ɗan mai. Abincin lebura ne da ɗan makaranta da direban gbaka. 'Yan'uwanmu mutanen Nijar ne suka shahara da sayar da shi, har mutane da yawa suna cewa daga sunan nan namu na Garba abincin ya samo sunansa. Ka yi tunani: baƙi sun zo ƙasar da ba tasu ba, ba su da gona, ba su da takardar makaranta, amma sun tsaya a kan abu ɗaya kullum har birni guda ya san su da shi.

Mene ne asirin mai garba? Ba shi da wani asiri. Tun duhu bai yaye ba ya tashi. Ya tanadi kifi, ya karɓo aceke, ya hura wuta, ya wanke kwanoni. Kafin ma'aikata su fito, mai ya yi zafi. Ribar kwano ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Amma mai sayen ya san abu ɗaya: in ya zo gobe zai same shi. In ya zo ranar da ake ruwa zai same shi. Wannan tabbaci shi ne jarinsa na gaskiya, ya fi kaskon suya daraja. Ranar da ya fara buɗewa yau ya rufe gobe, masu saye za su koma rumfar gaba, ba kuwa za su yi masa sallama ba.

Ka dubi matan da suke yin aceken kansa. Su fere rogo, su wanke, su niƙa, su haɗa da ɗan rogon da ya riga ya yi tsami, su bar shi ya kwana, su matse ruwan, su murza, su shanya, su sheƙe, sa'an nan su turara. Ba matakin da za a tsallake. In ka ƙi barinsa ya kwana, ba ka sami aceke ba. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da duniya take taƙama da su. Amma matan nan ba domin yabon duniya suka yi ta tashi da asuba ba. Sun yi ta yi ne uwa ta koya wa 'ya, har girma ya zo ya same su a bakin aikinsu.

Kada kuma mu ji kunyar faɗin gaskiya game da maƙwabtanmu Musulmi. Kiran sallar asuba yana tashin abokinka kowace rana a kan lokaci, daga nan sai aiki. Mu da muke cewa mun san alherin Allah cikin Almasihu, ya kamata a ce mun fi kowa marmarin tashi mu sadu da Ubanmu. In 'yancin da muke da shi ya zama dalilin barci, to, ba mu fahimci 'yancin ba tukuna.

Yanzu bari mu yi lissafi. Sefa 500 a rana, kwana shida a mako, mako 52 a shekara, ya kama sefa 156,000. In haka ka yi tun zuwanka, cikin shekara shida ka miƙa sefa 936,000. Saura kaɗan miliyan guda. Ka ce ba ka da sefa 10,000 a ajiye. Ɗana, rufin kwanon mahaifiyarka ya bi ta hannunka, kaɗan kaɗan, ba ka gane shi ba saboda bai zo a dunƙule ba. Allah ya aiko da mudunka kowace safiya. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa kan ƙare.

Daniyel bai fara a ranar wahala ba

Mu koma ga Maganar Allah. Muna son labarin Daniyel a ramin zakoki, muna koya wa yara a makarantar Lahadi. Amma mukan manta cewa a lokacin Daniyel tsoho ne. An kwashe shi zuwa Babila yana saurayi, ya yi fiye da shekara sittin a baƙuwar ƙasa, ya yi wa sarakuna dabam dabam aiki. Shi ma baƙo ne kamar ku, harshen garin ba nasa ba ne, addinin garin ba nasa ba ne.

Sa'ad da maƙiyansa suka so su kā da shi a zamanin sarki Dariyus, da aikinsa suka fara. Suka bincika, suka tona, ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Ba za ka iya gyara lissafin shekara sittin a daren da masu bincike za su zo ba. Da suka rasa, sai suka koma ga addu'arsa, gama sun san lokacinta kamar yadda suka san fitowar rana: sau uku a yini, a ɗakinsa na bene, tagogi a buɗe wajen Urushalima. Da aka sa hannu a dokar hana addu'a, Daniyel bai kira taron gaggawa ba, bai ƙirƙiro sabon azumi ba. Ya hau bene ya yi abin da ya saba yi.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ranar gwaji ba ta ba mutum hali, tana tona wanda yake da shi ne. Gwiwar da ba ta saba durƙusawa a ranar salama ba, da wuya ta iya a ranar tsoro. Ubangijinmu kansa haka ya yi. Luka ya shaida mana cewa zuwa majami'a ranar Asabar al'adarsa ce. Markus ya nuna mana shi yana tashi tun da sauran duhu, ya keɓe, ya yi addu'a. Kafin ya fara hidimarsa yana da shekara wajen talatin, mutanen Nazarat sun san shi ne a matsayin masassaƙi. Ɗan Allah ya yi shekaru yana fita aiki da safe, yana dawowa da yamma, ba wanda ya rubuta labarin waɗannan kwanaki. In bai raina su ba, kai wane ne da za ka raina naka?

Rairayi ba ya zuwa da ƙara

Kamar yadda halin kirki yake taruwa, haka mugun hali. Tarihin Abijan kansa yana da darasi a nan. A farkon shekarun 1900, Turawan Faransa sun haƙa hanya a wajen Port-Bouët domin su haɗa teku da tafkin Ebrié, jiragen ruwa su riƙa shigowa. Ba yaƙi ne ya rufe hanyar ba, ba girgizar ƙasa ba ce. Rairayi ne. Igiyar ruwa ta riƙa kawo shi kaɗan kaɗan, dare da rana, har bakin ya toshe. Sai a shekarar 1950 aka buɗe hanyar Vridi, bayan an yi shekaru ana aiki, aka kuma gina ta yadda ruwa zai riƙa share bakinta. Daga nan ne tashar jiragen ruwa ta samu, Treichville ta cika da ma'aikata, kifin da mai garba yake soyawa ma ta nan yake shigowa.

Haka zunubi yake toshe rayuwar mai bi. Ba wanda ya tashi da safe ya ce, "Yau zan lalata kaina." Ƙaramar ƙarya ce a kan farashi. Ɗan canjin maigida ne da ka ce za ka mayar gobe. Kwalba ɗaya ce bayan aiki. Sa'a biyu ce a kan waya kana kallon abin da ba za ka so mahaifiyarka ta gani ba. Karin Magana sura 24 ta ba da labarin gonar rago: ƙaya ta rufe ta, katanga ta zube, ba kuwa domin wani babban laifi ba, sai ɗan ƙarin barci da ɗan naɗe hannu, yau da gobe.

Akwai kuma masu yi muku alkawarin gajeriyar hanya. Kun san samarin da ake kira burutar, masu yaudarar mutane ta intanet, suna watsa kuɗi a wuraren shaƙatawa. Kuna ganin takalmansu, ba ku ganin waɗanda suka bari suna kuka, ba ku kuma ganin ƙarshensu. Kun san masu cewa in ka kawo kuɗi kaza, ka sayi mai ko ruwan da suka yi wa addu'a, cikin kwana bakwai za ka yi arziki. Ina faɗa muku da ƙauna: wanda ya sa kuɗinsa a akwatin baiko da irin zuciyar da yake sa shi a caca, caca ya yi, ko da an rufe da Amin. Azumi abu ne mai kyau, addu'ar kwana ma tana da wurinta. Amma azumi domin ƙasƙantar da kai ne a gaban Allah, ba igiyar ɗaure hannunsa ba ce. Manzo Bulus, wanda ya ga wahayi ya kuma yi mu'ujizai, ɗinkin alfarwa ya yi a Koranti tare da Akila da matarsa, ya kuma tsauta wa waɗanda suka bar aiki a Tasalonika suna cin na wasu.

In wuta ta zo fa?

Wani zai ce, "Malam, ka yi magana kamar duk mai ƙwazo zai yi arziki. Mun ga waɗanda suka yi sammako shekara ashirin, rana ɗaya kome ya tafi." Gaskiya ne, ba zan rufe muku ita ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mutum ya kwanta da ajiyarsa, ya tashi ya tarar kayan waje sun fi ƙarfinsa. A shekarar 1997 gobara ta cinye babbar kasuwar Treichville, jarin mutane masu yawa ya zama toka. A rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 mutane wajen 3,000 suka rasa rayukansu, kasuwanni suka tsaya, baƙi da yawa suka bar abin da suka tara suka gudu da ransu. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu aminci, masu tsoron Allah. Ayuba ma mai aminci ne, duk da haka ya yi hasarar kome a yini guda.

Saboda haka ba na yi muku alkawarin cewa halin kirki zai hana wuta zuwa. Abin da nake cewa shi ne, akwai abin da wuta ba ta ci. Mutum biyu suka yi hasara a gobara ɗaya. Na farko ya saba biyan bashi a ranar da ya faɗa, mudunsa cikakke ne, masu saye sun san shi. Na biyu ya saba da kwana-kwana. Washegari dukansu ba su da kome. Amma wa babban ɗan kasuwa zai ba kaya bashi ya sake farawa? Wa masu saye za su bi zuwa sabon wurinsa? Wuta ta ci rumfa, ba ta ci suna ba. Ta ci kaya, ba ta ci sana'ar da ke hannu ba. Ba ta kuma ci zuciyar da ta saba dogara ga Allah kowace safiya ba.

A nan ne ya kamata mu gyara abin da muke kira nasara. A Luka sura 16 Yesu ya koyar cewa yadda mutum ya riƙe ƙaramin abu, haka zai riƙe babba, kuma yadda ya riƙe kayan wani shi ne ma'aunin ko za a ba shi nasa. A gaban Allah, nasara ita ce a same ka da aminci. Wani zai yi aminci ya mallaki shaguna. Wani zai yi aminci ya mutu a ɗakin haya, amma ya bar 'ya'ya masu tsoron Allah da sunan da ba wanda zai zaga. Dukansu sun ci nasara.

Shekara goma ba makiyayi

Ƙasar da kuke zaune a ciki tana da shaida mai ƙarfi a kan wannan. A shekarar 1913 wani mai wa'azi daga Laberiya, William Wadé Harris, ya shigo bakin tekun Kodebuwa da ƙafa, sanye da farar riga, yana riƙe da sandar gicciye da Littafi Mai Tsarki da ƙwaryar baftisma. Cikin ƙasa da shekara biyu mutane fiye da 100,000 suka ƙone gumakansu aka yi musu baftisma. A 1915 hukumar Faransa ta kore shi. Ya bar mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba. Abin da ya bar musu kaɗan ne: su gina ɗakin sujada, su kiyaye ranar Lahadi, su yi addu'a, su jira masu koyarwa da za su zo da Littafin.

Sai a 1924 wani ɗan mishan na Metodis, William Platt, ya zaga ƙauyukan bakin tafki. Me ya tarar? Ikkilisiyoyi a tsaye. Mutane suna taruwa, suna waƙa, suna addu'a, a wasu wurare da Littafi Mai Tsarki a ajiye a kan tebur ko da ba mai iya karanta shi. Kusan shekara goma ba fasto, ba albashi, ba mai duba su. Wa'azin Harris ya kunna wutar, amma abin da ya hana ta mutuwa shi ne tsofaffi da mata da suka riƙa buɗe ƙofar ɗakin sujada mako bayan mako. Su suna da Littafi ba su iya karatu ba, suka riƙe abin da suka sani. Kai ka iya karatu, Littafin yana ƙasan jakarka.

Abin da za ka fara gobe

Kada ka ɗauki alkawari mai nauyi wanda za ka yar bayan kwana uku. Ɗauki mudu ɗaya.

Na fari, ka sa wa kanka lokacin tashi, ka ba Allah minti goma sha biyar na farko. In ɗakin ya cika da mutane, ka fita tsakar gida ko bakin ƙofa. Sabon Alkawari yana da sura 260. In ka karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, cikin mako 52 ka gama shi daidai.

Na biyu, ka kasance a wurin aikinka a lokaci ɗaya kowace rana. Bari matan da kake tura wa kaya a Adjamé su san inda za su same ka da ƙarfe nawa. Kada ka ƙara kuɗi bayan an yi ciniki, kada ka taɓa abin da ke cikin kaya.

Na uku, ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane dare. Abin da ba ka ƙirga ba, ba za ka iya riƙe shi ba.

Na huɗu, sefa 500 ɗin nan ka sauya mata hanya. Ka ware na Ubangiji a ranar farko ta mako gwargwadon samunka, kamar yadda Bulus ya shawarci Korantiyawa. Sauran ka sa a adashi na mutanen da ka amince da su, ko a asusun ajiya inda hannunka ba zai kai da sauri ba.

Na biyar, ka kiyaye ranar hutu da zumunta. An hana Isra'ilawa fita tsintar manna a rana ta bakwai, ba su kuwa kwana da yunwa ba. Ka tsaya a ikkilisiya ɗaya inda ake koyar da Maganar Allah, ka nemi dattijo ɗaya wanda zai riƙa tambayarka kowane mako, "Yaya littafin lissafi? Yaya karatu?"

Ka kuma kira mahaifiyarka. Ba rufin kwano take jira ba kamar yadda take jiran muryarka.

In ka faɗi

Bari in rufe da gargaɗi, kada wani ya fahimce ni a karkace. Waɗannan abubuwa ba su sayen ceto. Ba sammakonka ne yake sa Allah ya ƙaunace ka ba. Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, tun muna ragwaye. Ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, kamar yadda manna take kyauta. Muna tashi da safe ne ba domin mu zama 'ya'ya ba, sai domin mun riga mun zama.

Saboda haka in ka yi kwana goma ka faɗi a na goma sha ɗaya, kada ka ce shi ke nan. Ba'isra'ilen da ya makara yau, ya kwana da yunwa, gobe da safe manna tana nan tana jiransa a bayan zango. Allah bai hana shi ta gobe ba saboda sakacin yau. Shekara shida sun tafi, ɗana, ba za ka dawo da su ba. Ka tuba, ka bar su a gindin gicciye. Gobe da asuba, sa'ad da za ka haye gada daga Treichville ka nufi Adjamé, ka sani Ubangiji ya riga ka fita, mudunka yana nan. Ka sunkuya ka ɗauka.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ba ka taɓa fashin ciyar da mu ba. Ka gafarta mana raina ƙananan abubuwa da muka yi, da kwaɗayin abin da ba mu yi wa wahala ba. Ka tuna da 'ya'yanka da ke baƙunci a Abijan da sauran birane, ka tsare su daga mugunta da yaudara. Ka ba mu ƙarfin Ruhunka Mai Tsarki mu tashi, mu nemi fuskarka, mu yi aikinmu da gaskiya yau, mu sake yi gobe. In wuta ta zo, ka riƙe mu. A ƙarshe ka same mu da aminci. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu muka roƙa. Amin.

Domin tunani a wannan mako: Wane ƙaramin abu ne kake yi kullum wanda yake toshe hanyarka kamar rairayi? Wane abu ɗaya ne za ka fara gobe da safe, wa kuma za ka gaya wa domin ya riƙa tambayarka?